Tambaya da Amsa: Wa ke riƙe da makullin hotunanka da takardunka?

Wasiƙun da muka zaɓo wannan karon duk daga jihar Bauchi suka zo, kuma duk a kan abu ɗaya suke: kayan da wayoyinmu ke turawa rumbun intanet, irin su Google Drive, Google Photos da iCloud. Mun cire sunaye, mun kuma taƙaita wasu tambayoyin.

Assalamu alaikum. Yaron da ya sayar mini da waya shi ya buɗe mini Gmail, ni ko kalmar sirrin ban sani ba. Ƙanwata ta ce duk hoton da na ɗauka yana hawa intanet da kansa. Akwai hotunan biki da na cikin gida waɗanda ba mayafi. Yaron zai iya gani?
*Wata uwargida, Fadaman Mada, Bauchi*

Wa alaikumus salam, Hajiya. Zai iya. Idan ajiyar Google Photos a kunne take, kuma shi ya zaɓi kalmar sirrin, ba ya buƙatar wayarki ko kaɗan. A tasa wayar zai shiga asusun ya ga hoton da kika ɗauka da safe kafin azahar. Ba mu ce ya yi ba. Yawancin yaran kasuwa sauri suke yi, su buɗe asusu su sallami mai saye. Amma saurin ne ke sa su ba kowa kalmar sirri iri ɗaya, sau da yawa lambar wayar mai saye ko tasu, wani lokacin ma su zuba tsohon asusu guda a wayoyin mutane da dama.

Abu na farko, gano asusun wa ne. Buɗe Google Photos, taɓa ɗan da'irar da ke sama a dama, ki karanta adireshin. Daga nan ki taɓa inda aka rubuta Manage your Google Account, ki shiga Security. Abubuwa uku za ki duba a wurin: lambar waya da imel na dawo da asusu, jerin na'urorin da ke cikin asusun, da ko an kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara wata shaida, kamar lambar da ake aikowa waya. Idan kika ga wata waya a jerin wadda ba ki sani ba, to akwai wanda ke ciki.

Idan asusun da sunanki aka buɗe shi, ki karɓe shi. Ki karɓi kalmar sirrin daga wurin yaron, ki canja ta, ki cire lambarsa daga wurin dawo da asusu ki sa taki, sannan ki fitar da duk baƙuwar na'ura. Canja kalmar sirri kaɗai ba ya wadatarwa, domin muddin lambarsa na nan zai ce ya manta, Google ya aika masa da lambar tabbatarwa, ya koma ciki. Ki kuma sa ido na mako guda, saboda Google kan iya ci gaba da aika lambar tabbatarwa zuwa tsohuwar lamba har kwana 7 bayan canji. Kafin ki fita, ki leƙa sashen rabawa na Google Photos. Akwai tsarin da ke tura hotunan mutum kai tsaye zuwa asusun wani, kuma canja kalmar sirri ba ya tsayar da shi. Sai an kashe shi da hannu.

Idan kuwa asusun nasa ne, ko na taron jama'a, ƙaura za ki yi, kuma a nan ne mutane ke yin asara. Kada ki fara da gogewa. Hoton da aka goge daga cikin Google Photos yana ɓacewa daga rumbun da wayar baki ɗaya. Ki fara kashe ajiyar, ki kwafe hotunan zuwa memori ko kwamfutar da kika yarda da ita, ki buɗe su can ki tabbatar sun shiga. Wasu tsofaffin hotunan ƙila ba sa cikin wayar ma, suna rumbun kawai, to sai an sauko da su tukuna. Bayan haka ki goge, ki kuma shiga kwandon shara ki share, don hoton da aka riga aka ajiye yana zama a kwandon kwana 60. Sai ki buɗe sabon asusu da hannunki, da lambarki, ki cire tsohon daga wayar.

Abin da aka riga aka kwafe, an kwafe. Wannan ba mai iya dawo da shi. Nan gaba, hoton da ba ki so kowa ya gani, gara ma kada ya hau. Kuma duk ranar da za a kai waya wurin mai gyara, mai caji ko mai tura fina-finai, a cire memori, kada a ba shi lambar buɗe allo sai dole.

Su kansu Google da Apple suna iya karanta abin da na ajiye? Kuma ina kayan suke zaune?
*Wani malamin makaranta, Misau*

Malam, kayan suna cikin kwamfutocin kamfanin, a manyan gine-gine da ke ƙasashe daban-daban, kuma mai asusun kyauta ba shi ke zaɓar ƙasar ba. A rufe suke da makulli, a kan hanya da kuma inda suke zaune, amma a tsarin da aka saba makullin na hannun kamfanin. Don haka yana iya buɗewa idan kotu ta umarce shi. Amurka ma tana da dokar da ake kira CLOUD Act tun 2018, wadda ta ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanonin ƙasar ko da a wata ƙasa aka ajiye su. Na'urorin kamfanin kuma suna bin kayan da aka ɗora suna neman ƙwayar cuta da haramtattun hotuna.

Akwai inda za ka riƙe makullin da kanka. A iPhone, Apple ya fito da Advanced Data Protection a Disamban 2022. In ka kunna shi, hotuna da kwafin waya ba mai buɗewa sai na'urorinka, amma bai shafi imel, lambobin mutane da kalanda ba. A WhatsApp, hirar da kake yi a rufe take tsakaninka da abokin magana, sai dai kwafin da ke tafiya Google Drive ko iCloud ba ya samun wannan rufin sai ka kunna da kanka, abin da aka fara tun Oktoban 2021. Shiga Settings, Chats, Chat backup, ka zaɓi End-to-end encrypted backup, ka sa kalmar sirri ko ka karɓi makulli mai harafi 64. Rubuta shi a takarda. In ya ɓace, wayar kuma ta ɓace, WhatsApp ba shi da yadda zai yi maka.

Gaskiyar magana, mai karatu a Misau ba gwamnatin Amurka ce matsalarsa ba. Rumbun kamar sito ne a kasuwar Muda Lawal: ginin na da ƙarfi, maigadi na nan, amma duk wanda ya zo da takardar ajiya shi ake ɗora wa buhu. Ko hotunan fitattun 'yan fim ɗin Amurka da suka bazu daga iCloud a 2014, ba fasa kwamfutocin Apple aka yi ba. Saƙonnin bogi aka aika musu, suka miƙa kalmar sirri da hannunsu.

Ina da makarantar kuɗi, firamare da ƙaramar sakandare. Takardun haihuwar yara, hotunansu, lambar NIN ta iyaye da sakamakon jarrabawa duk suna Google Drive ɗin sakatarena, muna raba linki a zauren malamai na WhatsApp. Akwai laifi?
*Mai makaranta, Azare*

Ranka ya daɗe, akwai gyara, har guda uku.

Na farko shi ne mallaka. Kayan makaranta suna zaune a asusun ma'aikaci. Ranar da kuka saɓa, ko ya samu wani aiki a Kano, bayanan ɗalibanka sun bi shi, kuma a idon Google shi ne mai su. Ka buɗe asusu da sunan makaranta, lambar dawowa ta zama taka, sannan sakatare ya mayar da mallakar fayilolin ga sabon asusun. A lura, mayar da mallakar jaka ba ya mayar da ta abin da ke cikinta. Sai an zaɓi fayilolin su ma, ko a sauko da su a sake ɗorawa daga asusun makaranta.

Na biyu shi ne linkin. Google Drive na da zaɓi biyu: Restricted, wato sai wanda ka sa adireshinsa, da Anyone with the link, wato duk wanda linkin ya faɗa hannunsa. Na biyun shi mutane ke so saboda ba ya tambayar komai. To linkin da aka sa a zauren mutum talatin, ka ɗauka ya fita. Malamin da ya bar aiki bara yana da shi. Wanda aka tura wa bisa kuskure yana da shi. Ka mayar da kowace jaka Restricted, ka sa adireshin kowane malami ɗaya bayan ɗaya, ka ba shi izinin kallo kawai in ba shi ke shigar da maki ba. Malamin aji uku ba ruwansa da NIN ɗin iyayen 'yan aji shida, don haka a raba jakunkuna: sakamako daban, takardun shaida daban, na biyun kai da sakatare kawai. Ƙarshen kowane zango ka buɗe jerin masu izini ka cire waɗanda suka tafi.

Na uku doka ce. Tun Yunin 2023 Najeriya na da Dokar Kare Bayanai, da hukumar NDPC mai kula da ita. Duk wanda ke tattara bayanan mutane, har da makaranta, kemis da asibitin kuɗi, nauyin tsare su na kansa ko da a rumbun wani ya ajiye. Bayanan yara galibi sai da yardar iyaye ko mai riƙo. Idan bayanai suka fita ta yadda za su iya cutar da masu su, dokar ta ce a sanar da hukumar cikin awa 72. Tarar na iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa, ga manyan masu riƙe bayanai kuma miliyan 10 ko kashi 2.

Shawararmu ta fi ƙarfi a nan: abin da ba ka buƙata, kada ka karɓa. Me makarantar firamare za ta yi da hoton katin NIN na uba? In don tantancewa ne, a gani a mayar masa. Suna, ranar haihuwa, NIN da lambar waya a wuri ɗaya su ne kayan aikin masu damfara. Abin da ya zama dole a ajiye, a dunƙule shi da manhajar 7-Zip, a zaɓi tsarin kullewa na AES-256, a sa doguwar kalmar sirri kafin a ɗora. Kalmar kuma kada ta bi hanyar da fayil ɗin ya bi.

An zare mini waya a tasha ranar kasuwa. Lissafin bashi, hotunan rasit, WhatsApp da manhajar banki duk suna ciki. Da me zan fara?
*Wani ɗan kasuwa, Ningi*

Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Fara da layin, ba wayar ba. Ɓarawon da ya kasa buɗe allo zai cire sim ya sa a ƙaramar waya, kuma duk lambar tabbatarwa ta banki, ta WhatsApp da ta Google can za ta sauka. Ka kira kamfanin layin da wayar wani su rufe shi, ka kira bankinka su dakatar da asusun da katin, sannan ka je ofis da NIN ɗinka a yi maka welkam-bak.

Daga nan ka shiga android.com/find a wayar ɗanka ko kwamfuta, in iPhone ce icloud.com/find. Za ka iya kulle wayar, ka ga inda ta yi magana da intanet na ƙarshe, ko ka ba da umarnin share ta. Umarnin zai jira har sai ta hau intanet. Kada ka bi taswira da kanka, ka kai wa 'yan sanda tare da lambar shaidar wayar, wato IMEI, da ke jikin kwalinta. Ka canja kalmar sirrin Google. A iPhone kada ka cire wayar daga asusunka ko bayan sharewa, domin zamanta a ciki ne ke hana ɓarawo buɗe ta da sunansa. Idan saƙo ya zo bayan kwana biyu wai an gano wayarka, ka taɓa nan ka sa kalmar sirri, ɓarayin ne.

Da layin ya dawo, ka sa WhatsApp a sabuwar waya. Yin haka na fitar da wanda ke ciki. In ya riga ya sa tasa lambar sirrin ta mataki biyu, sai ka jira kwana 7. Ka sanar da abokan ciniki tun yau kada wani ya tura kuɗi saboda saƙon da ya fito daga lambarka.

A irin wannan ranar ce rumbun intanet ke biyan kuɗinsa, don in ajiyar na aiki, lissafinka zai dawo. Sai dai Google gigabait 15 kawai yake bayarwa kyauta, Gmail da Drive da Photos duk a ciki, kuma tun farkon 2024 kwafin WhatsApp na Android ma cikinsa yake ci. Apple gigabait 5 ne. Da wurin ya cika ajiya ta tsaya, wayar na ta gargaɗi, mai ita na ta kawar da saƙon. Da yawa sai ranar sata suke gano kwafinsu na ƙarshe na bara ne. A sabuwar wayar ka sa wa sim ɗin lambar PIN, ka ajiye katinsa mai ɗauke da PUK, lambar da ke buɗe sim in PIN ya kulle shi, ka danna *#06# ka rubuta IMEI a littafi.

Na shiga Gmail a shagon buga takardu don in fitar da furojet ɗina, ban tuna ko na fita ba. Kuma lambar da na buɗe asusun da ita na daina amfani da ita tun ina aji ɗaya.
*Ɗalibin ATBU, Gwallameji*

Na farkon mai sauƙi ne, ɗan'uwa. Shiga Security a wayarka, nemo kwamfutar a jerin na'urori, fitar da ita, canja kalmar sirri. Gaba, ka mayar da aikin PDF ka kai a filash, ko ka tura wa mai shagon fayil ɗin kaɗai. In dole sai ka shiga, yi amfani da tagar Incognito, wadda ke fitar da kai daga asusun da zarar ka rufe ta, ka ƙi yarda burauza ta adana kalmar sirri, ka kuma goge abin da ka sauko daga jakar Downloads. Incognito ba ya kare ka daga manhajar da ke naɗe abin da ake bugawa, shi ya sa mataki na biyu ke da muhimmanci.

Tsohuwar lambar ce ta fi damun mu. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi, kamfani na karɓewa ya sayar wa wani. Yau ƙila wani a Legas ke riƙe da lambar da Google ke ɗauka taka ce. Canja ta yanzu, tun kana cikin asusun. Sannan ka kunna mataki biyu da manhajar Google Authenticator, wadda ke ba da lamba mai harafi 6 mai canjawa duk daƙiƙa 30, ba ta kuma buƙatar sabis ko data. Ka sauko da lambobin ko-ta-kwana guda 10 da Google ke bayarwa, kowace sau ɗaya take aiki, ka rubuta su a takarda ka sa cikin takardun makarantarka. Hotonsu a cikin wayar ba shi da amfani ranar da wayar ta tafi.

Kalmar sirri kuwa, tsawo ya fi ado. Kalmomin Hausa huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna sun fi sunan budurwa da shekarar haihuwa nesa. Kada ka maimaita ta a wani wuri. An sace bayanan asusun Dropbox kusan miliyan 68 a 2012, na Yahoo biliyan 3 a 2013, kuma ɓarayi kan ɗauki irin waɗannan jerin su gwada a Gmail da Facebook. Shafin haveibeenpwned.com zai nuna maka ko adireshinka na cikin wanda ya taɓa fita. Furojet ɗin kuma ya zama kwafi uku: kwamfuta, filash, da Drive.

Mahaifinmu ya rasu. Hotunan takardun filaye da jerin waɗanda yake bi da masu bin sa bashi suna wayarsa, ba wanda ya san lambar buɗewa. Ana jiran rabon gado.
*Wani magidanci, Dass*

Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Abu biyu kada ku yi. Kada ku yi ta gwada lambobi, don wayar za ta riƙa ƙara lokacin jira, wasu ma an saita su su share kansu. Kada kuma ku kai a yi mata filashin. Zai goge komai, kuma bayan gogewar wayar za ta nemi asusun marigayin kafin ta buɗe, kun yi biyu babu.

Ku riƙe layinsa da rai: a sa kati, a yi kira, kada kamfani ya karɓe shi. Ku bincika littattafansa da aljihun rigunansa, dattawa kan rubuta kalmar sirri a bayan ajanda. Ku tambayi wanda ya saita masa wayar. Google ba ya ba iyali kalmar sirri, amma yana da fom na asusun mamaci, inda za a nemi katin shaidar mai nema da takardar shaidar rasuwa, kuma ba kowace buƙata yake amincewa da ita ba. Apple kan nemi umarnin kotu in marigayin bai naɗa kowa ba. Kada ku yi jinkiri, domin tun Disamban 2023 Google na iya share asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba. Duk wanda zai buɗe, ya kasance da sanin sauran magada da shaidu, ya tsaya kan takardun dukiya da bashi, ya bar hirarrakin marigayi. Hoton takardar fili kuma ba ya maye gurbin ta asali, don haka ku nemi asalin a gida, ko kwafinta a ma'aikatar filaye ko wurin mai unguwar da ya shaida cinikin.

Ga masu rai, Google na da Inactive Account Manager a cikin Data and privacy. Za ka zaɓi wata 3, 6, 12 ko 18. In asusun ya yi shiru tsawon haka, Google zai fara tuntuɓarka, in ba amsa ya sanar da waɗanda ka zaɓa, har mutum 10, ya ba kowa abin da ka ware masa kaɗai, misali Drive ban da Gmail. A iPhone sunansa Legacy Contact: wayar za ta fitar da makulli, ka buga shi a takarda, magajin ya haɗa da shaidar rasuwa in lokaci ya yi. Bashi dai a rubuta shi a littafi da shaidu kamar yadda addini ya yi umarni, na waya ya zama kwafi.